Wasiƙa daga Aboabo kan maganar ƙanwarka

Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Kano, ya karatu? Inna tana gaishe ka. Ta ce kilishin da ka yi mata alkawari tun bara har yanzu yana hanya, ko a ƙasa yake tahowa?

Na ga saƙonka kan ƙanwarka da D7 ɗin da ta samu a lissafi a WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. Ka ce ta kulle kanta a ɗaki tana cewa aikin nas ya fi ƙarfinta. Don Allah ka ce mata ta share hawaye. Kai shaida ne kan yadda na fita sakandare: zango biyu cur ba mu da malamin lissafi, wanda aka kawo daga baya kuma da allo yake magana, mu muna bayansa muna gyangyaɗi. E8 na kwaso a WASSCE. Ka tuna ranar da muka duba sakamakon a shagon intanet na bakin titi, na kasa cin waken da ka saya mini?

Gaskiyar da za ka faɗa mata ita ce, da D7 ko fom ta saya asarar kuɗi ne. Makarantun nas suna son C6 ko sama da haka a Turanci, lissafi da kimiyya, sannan darussan zaɓi uku. Hanya ɗaya ce, ta sake zama jarrabawar Nov-Dec, wato WASSCE ta masu zama da kansu a ƙarshen shekara, lissafin kaɗai, tunda sauran sun yi kyau. Ni sau biyu na zauna. Karon farko na tafi da haddar tsofaffin tambayoyi, na dawo da D7. A karo na biyu na ajiye girman kai, na ɗauko littafin ɗan yayata na JHS, wato ƙaramar sakandare, na koma kan kason lamba da ɗigo da kashi cikin ɗari. Yaron har dariya yake mini. Wata biyar ina haka kullum bayan sallar asuba, Allah ya ba ni C5.

Yanzu ina shekarar farko a makarantar nas da ke jikin asibitin Komfo Anokye, wanda mu 'yan Kumasi muke kira Gee. Abin da ya ba ni mamaki, lissafin nan na magani ne, kusan irin na kasuwa. Likita ya rubuta wa yaro parasitamol miligiram 180, kwalba kuma ta ce 120 a cikin kowane mililita 5. Nawa za ka zuba? Mililita 7.5. Ko ƙarin ruwa, mililita 500 a awa 4, da robar da ke ɗiga 20 a mililita ɗaya: ɗigo 42 a minti. Na karanta wa Inna na farkon da dare tana auna shinkafa da olonka, gwangwanin awo. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Cokali ɗaya da rabi ke nan, me ye abin wahala?" Matar da ba ta taɓa zama a aji ba! Shekara talatin a kasuwar Kejetia ta koya mata abin da ni na biya kuɗin lesin na koya.

Sai dai kada in yaudare ka, a nan ba a wasa da ɗigon da ke tsakanin lambobi. In ka matsar da shi gida ɗaya, 7.5 ta zama 75, ka ba ɗan mutane ninki goma. Malamarmu takan sa mu lissafa sau biyu, sannan na kusa da kai ya duba kafin a taɓa kwalba. Har yau hannuna yakan yi gumi.

Ka ce ta zo gida ranar Asabar bayan la'asar. Littattafaina suna nan cikin akwati, har da na JHS ɗin. Kuɗin rajista kuma ka fara tarawa tun yanzu, kada lokaci ya ƙure ka ce ban faɗa maka ba.

Ka gaida mutanen ɗakinku. Kilishin Inna dai.

Naka har kullum,
abokinka na Aboabo