Zuwa ga 'yata, kafin yaron ya shigo hannunki

Assalamu alaikum, 'yata. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Na ji shawarar da kuka yanke ta ɗaukar jaririn da ƙanwarsa ta rasu ta bari, Allah ya jiƙanta. Na goyi bayanku. Sai dai riƙo aiki ne mai ƙa'ida, kuma yawancin rikicinsa daga abin da aka ji kunyar faɗa tun farko yake tasowa.

Ki fara da niyyarki. Za ki ji ana cewa riƙo yana jawo haihuwa. Kada ki ɗauki yaron nan a matsayin magani, domin in Allah ya kawo naki daga baya, shi ne zai koma ɗan aike, in kuma bai kawo ba, shi za a ɗora wa takaici. Kada kuma ki ɗauke shi don toshe bakin masu gori. Aya ta 49 da ta 50 a Suratush Shura sun gama maganar: Allah yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza, yana barin wanda ya so babu haihuwa. Nana A'isha ba ta haihu ba, alkunyarta ta Ummu Abdullahi daga ɗan yayarta Asma'u ta same ta, kuma har yau al'umma daga iliminta take sha. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda dangi ke tura mace ita kaɗai asibiti da wurin masu magani, alhali matsalar takan fito daga namiji, kuma gwajinsa ya fi sauƙi da arha. In za a ci gaba da neman magani, ku je tare.

Sai maganar haƙƙi. A mazhabar Malikiyya, in uwa ta rasu, mahaifiyarta ce ke kan gaba wajen renon yaro, wato surukarki. Ki tabbata ta furta amincewarta da bakinta. Mahaifin yaron kuwa yana raye, ciyarwa tana wuyansa, kuma shi ne waliyyi. A zauna da shi gaban shaidu biyu a rubuta: wa zai biya kuɗin makaranta da asibiti, yaushe zai riƙa zuwa, me za a yi in ya sake aure ya ce a dawo masa da ɗansa. Nan ake kuka, yaro ya shekara bakwai a hannunki a zo da mota rana ɗaya a tafi da shi. Ku kai takardar sashen walwalar jama'a na Ma'aikatar Harkokin Mata, su nuna muku yadda kotu za ta tabbatar da riƙon.

Sunan mahaifinsa za a sa a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da rajistar makaranta, da ko'ina. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira su da sunan ubanninsu, shi ya sa aka daina cewa Zaidu ɗan Muhammadu aka koma Zaidu ɗan Harisa. Ya kira ki Umma, babu laifi. Amma ki fara gaya masa labarin mahaifiyarsa tun yana shekara uku ko huɗu, da hotonta a hannunki, da kalmomi kaɗan. In kika ɓoye, wata rana yaran unguwa ne za su faɗa masa a wurin faɗa.

Yanzu watansa biyar, don haka ƙofar shayarwa a buɗe take. Maigidanki kawunsa ne, ke kuwa ba muharramarsa ba ce, in ya balaga sai kin riƙa suturta jikinki a gabansa cikin gidanki. Shayarwa cikin shekara biyun farko tana warware wannan. A wurin Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikinsa ya wadatar, Shafi'iyya kuma sun ce sau biyar, to a yi biyar ɗin a huta. Likita na iya taimaka miki ruwan nono ya zo, da yawan tatsa dare da rana na makonni. In bai zo ba, yayarki da ke goyo ta shayar da shi, kin zama innarsa ke nan. A fara gwada ta ƙanjamau da ciwon hanta, sannan a rubuta ranar da sunayen shaidu, don 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu.

Madarar gwangwani kuwa, ruwa ake fara zubawa, tafasasshe, sannan gari. Yawancinsu cokalin cikin gwangwanin ɗaya ne, a shafe, ga mililita 30, amma ki duba jikin gwangwanin. Ƙara ruwa don madara ta yi auki yana rame yaro, ragowar da ya sha ya bari kuma zubarwa ake yi, ita ce ke kawo gudawa. Ki karɓo katin rigakafinsa ki duba ko an yi na sati 6 da 10 da 14, ta ƙyanda tana wata 9. Bayan ya cika wata shida a gwada jininsa don sikila.

Ba zai gāje ki ba, wannan hukunci ne. Amma kina da ikon yi masa wasiyya har sulusin dukiyarki, ko kyauta tun kina raye, da sharaɗin a damƙa ta a hannun waliyyinsa gaban shaidu. Kyautar baki da ba a karɓa ba rushewa take yi ranar rabon gado. Abin da ya gada daga mahaifiyarsa kuma a ware shi da lissafi a rubuce.

Za a ce ki ajiye aikinki. Kada ki yanke wannan cikin wata uku na farko, lokacin da rashin barci ke magana. Ɗan ƙanwar maigidanki ne, madarar dare kuma ba ta bukatar nono, ku raba dararen tun yanzu.

Ina nan zuwa ranar Asabar da zannuwan goyo da garin kunu. Ki gaishe mini da surukarki, ki sake yi mata ta'aziyya.

Ummanki.