Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2024: nazarin tashar harba rokoki ta Kourou

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, dattawan ƙungiya, malamai da sauran 'yan uwa mambobi, a madadin kwamitin gudanarwa nake gabatar muku da rahoton abin da muka yi a wannan shekara. Kamar yadda babban taron bara ya amince, mun ɗauki maudu'i guda muka zauna a kansa shekara cur, wato tashar harba rokoki ta Kourou da ke bakin tekun Atlantika a Guyana ta Faransa, can arewacin nahiyar Amurka ta Kudu.

Zaman farko ya tafi ne a kan asalin tashar, kuma mambobi da yawa sun yi mamakin jin cewa tushenta a Afirka yake. A Hammaguir, cikin Saharar Aljeriya, Faransa take gwajin rokokinta, kuma daga nan ta harba tauraron ɗan Adam ɗinta na farko, Astérix, ranar 26 ga Nuwamba 1965. Yarjejeniyar Evian ta 1962, wadda ta kai Aljeriya ga 'yancin kai, ta ba Faransa damar amfani da wurin zuwa 1967 kawai, don haka a 1964 gwamnatinta ta zaɓi Kourou. An harba ƙaramar roka mai suna Véronique daga sabon wurin ranar 9 ga Afrilu 1968, sannan rokar Diamant ta kai kaya falaki daga can a 1970. Bayan kafa hukumar sararin samaniya ta Turai a 1975, tashar ta zama ta amfanin ƙasashen da ke cikin hukumar, inda rokar Turai Ariane ta farko ta tashi ranar 24 ga Disamba 1979.

Zaman da ya fi armashi, a ganin kwamiti, shi ne wanda malamanmu na kimiyya suka jagoranta don amsa tambayar me ya sa aka tsallaka teku zuwa wannan wuri mai dausayi da yawan ruwan sama. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, kuma a kan layin ikweta gudun juyawar ya kai kusan kilomita 1,670 a awa, don haka rokar da aka harba gabas daga kusa da layin tana samun wannan gudu kyauta. Kourou tana kan digiri 5 arewa da ikweta, yayin da tashar Cape Canaveral ta Amurka take kan digiri 28, tashar Baikonur ta Kazakistan kuma wajen digiri 46. Bugu da ƙari, taurarin sadarwa da na yanayi suna zama ne a tsayin kilomita 35,786 daidai saman ikweta, inda suke zagaya duniya sau ɗaya a rana har ya zama tamkar a tsaye suke, kuma wanda ya tashi daga Kourou ba ya ƙona makamashi mai yawa wajen gyara karkatar hanyarsa. Shi kuwa teku, amfaninsa shi ne ya buɗe gabas da arewa, ta yadda sassan rokar da suka gama aiki suke faɗawa ruwa nesa da gidajen mutane. Wannan darasi muka kai makarantun sakandare, inda ɗalibai suka haɗa rokokin gorar ruwa da famfon keke, suka auna nisan da kowace ta yi idan an canja karkatarta. Muna godiya ga shugabannin makarantun da suka ba mu filin wasa.

Ranar 9 ga Yuli muka taru muka kalli tashin Ariane 6 na farko kai tsaye ta intanet, da ƙarfe 8 na dare agogonmu. Wuta ta ɗauke ana saura kaɗan, sai da muka koma kan janareta da wayar wani mamba, amma Allah ya sa ba mu rasa tashin ba. Muhimmancin ranar shi ne Turai ta yi shekara guda ba ta da babbar roka: Ariane 5, wadda ta ɗauki na'urar hangen nesa ta James Webb ranar 25 ga Disamba 2021, ta yi tashinta na ƙarshe a Yuli 2023, su kuma rokokin Soyuz na Rasha da ake harbawa daga Kourou tun 2011 an dakatar da su a Fabrairu 2022 saboda yaƙin Yukiren. Sabuwar rokar ta saki ƙananan taurarin da ta ɗauka, sai dai wata na'urar taimako a sashenta na sama ta mutu daga baya, sashen ya kasa dawowa ƙasa yadda aka tsara. Ranar 5 ga Disamba kuma wasunmu sun bi komawar ƙaramar rokar Turai Vega-C bakin aiki, shekara biyu bayan faɗuwarta a Disamba 2022.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta makomar mazauna wurin. Tashar ta mamaye fili kusan murabba'in kilomita 700, kuma an tashi mutane daga gonakinsu da matsugunansu, ciki har da ƙauyen Malmanoury, kafin a gina ta. A watannin Maris da Afrilu 2017 jama'ar Guyana suka shiga yajin aikin gama-gari kan rashin tsaro, rashin aikin yi da ƙarancin asibitoci da makarantu, suka tare hanyar tashar har aka ɗage tashin wata Ariane 5 fiye da wata guda. Wasu mambobi sun ce tashar ce ƙashin bayan tattalin arzikin yankin, wasu suka ce talakan da ke kusa da ita bai gani a ƙasa ba. Ra'ayina shi ne kada mu sake koya wa ɗalibai labarin rokokin mu bar labarin waɗanda aka tasa, domin duk wanda ya taɓa ganin an karɓe gonar gado don aikin gwamnati ya san zafin abin.

Wani dattijo ya tambaye mu ina ruwan manomin gero da wannan tasha, kuma amsar ta ci mana zama guda. Taurarin yanayi na Meteosat, waɗanda suke kallon Afirka daga saman mashigin tekun Gini, daga Kourou aka riƙa harba su tun na biyu a 1981, har zuwa na farkon sabon zubi ranar 13 ga Disamba 2022. Hotunansu na cikin abin da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, da cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD na Yamai suke dogara da shi wajen bin sawun hadari da ƙurar hunturu.

Daga nan zancen ya gangaro gida. Taurarin Najeriya na 2003, 2007 da 2011 daga Rasha da Sin aka harba su, ko da yake hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, tana da cibiyar binciken rokoki a Epe ta jihar Legas. Legas tana kan digiri 6, kusan daidai da Kourou, amma gaɓarmu kudu take fuskanta, wanda ya nufi gabas kuwa ta kan garuruwa zai bi.

Aikin tattara kalmomin wannan fanni da Hausa bai kammala ba, saboda jinkirin biyan kuɗin wata-wata ya hana mu buga daftarin, kuma halartar mata ta ragu a zaman da muka sa da dare. Kwamiti na ba da shawarar a mayar da zama ranar Asabar da hantsi. Haka kuma yana neman amincewarku a ɗauki dandalin San Marco, wanda Italiya ta kafa a cikin teku kusa da Malindi ta Kenya, ta yi harbi daga kansa tsakanin 1967 da 1988, a matsayin maudu'in baɗi. Za a kaɗa ƙuri'a kan shawarwarin biyu bayan ma'aji ya karanta rahoton kuɗi.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa