Wasiƙa Zuwa ga 'Yata, Malamar Zane

Zariya, daren Lahadi

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya tayar mini da ciwon gwiwar nan.

Innarki ta ba ni labarin wayar da kuka yi. Ta ce har da kuka: makarantar da aka tura ki ba ɗakin zane, ba fenti, ba takarda, kuma shugabar makaranta ta ɗora miki wani darasin daban, wai ai zane ba ya cin lokaci. Na ɗauki waya zan kira ki sai na ajiye, don hannuna ya fi bakina iya magana.

Shekara 35 na yi ina koyar da zane, ban taɓa shiga makarantar da na tarar da kayan aiki suna jirana ba. Saboda haka rashin fenti bai ɗaga mini hankali ba. Abin da nake ji miki tsoro shi ne abin da ya same ni. Farkon kama aikina kullum da yamma sai na yi zane. Da aure ya zo, ga gona, ga rubutun shirin darasi, sai na ajiye fensir, shekara 11 ban zana komai ba in ba a kan allo ba. Na koma malamin shifta. In ce launukan asali uku ne, ja da shuɗi da rawaya, yara su rubuta su haddace su ci jarrabawa, alhali ba wanda ya taɓa garwaya shuɗi da rawaya ya ga kore ya fito da idonsa. Rannan bayan hutun Sallah wani yaro ya ce, Malam, zana mana dokin hawa. Na ɗauki alli, hannu ya ƙi. Abin da ya fito ya fi kama da jaki mai ciwon baya. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ranar ban ci tuwon dare ba.

To ki sa littafin zane a jakarki, kamar yadda ba kya rabuwa da waya. Shafi ɗaya a rana ya isa, ko butar alwala ce, ko inuwar darbejiyar bakin ofis.

Sai maganar takardu, ba zan ja ta ba don kin san ta. Ki rubuta jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, ki yi rajista tun karatu bai huce miki ba. NCE ɗin da ke hannunki ita ce mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda a koyar da ita, kada ki ɗauke ta matsayin masauki. Da ita za ki iya neman shiga jami'a kai tsaye ta JAMB, abin da kuke kira DE, ki fara daga aji biyu. In hutun ƙaro ilimi ya yi wuyar samu, akwai tsarin karatun dogon hutu da ake yi wa malamai. In kuma kin ji za a yi bitar malamai, je ki da ƙafarki ki ce a sa sunanki, don ba a cika tunawa da malamin zane ba. Za ki tarar da waɗanda alawus kawai ya kawo su, suna gyangyaɗi har a tashi. Ke ki zauna gaba, ki kuma karɓi lambar duk malamin zanen da kika haɗu da shi. Rabin abin da na iya a bakin irin waɗannan abokai na tsince shi, a gindin bishiya lokacin cin abinci.

Ina so ki san gidan da nake fata ki shiga. Sashen zane na nan Zariya ya girmi jami'ar kanta: a 1955 aka dawo da shi daga Ibadan, ita kuwa Jami'ar Ahmadu Bello sai 1962 aka kafa ta. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce za su koyi dabarar Turawa, amma abin da za su zana daga gidajen iyayensu zai fito. Okeke ya koma kan zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Shi kuwa Onobrakpeya tun 1998 yake tara masu zane bita a Agbarha-Otor ta Jihar Delta. Da nisa, na sani. In Allah ya hore wata shekara, kuɗin mota a wuyana.

Na kawo wannan ne don ki duba ƙofar makarantarki da kyau. Akwai rafi, to akwai yumɓu. Akwai gawayi a murhu, akwai jar ƙasa da farar ƙasa, akwai ƙaro na kama launi, akwai karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, akwai kwalayen da masu kanti ke zubarwa. Kuma na tabbata a garin ba a rasa tsohuwa mai ginin tukwane ko mai zanen ƙwarya. Ki je ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce koyo kika zo, sannan ki roƙe ta ta shigo aji. Ki sa 'yan matanki su fito da naira 20 su juya bayanta. Matar nan mai tukunya Ladi Kwali ce. A wurin gwaggonta ta koyi sana'ar, a 1954 ta shiga cibiyar tangaram da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, har jami'ar nan tamu ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Wasu iyayen za su zo su ce zanen mai rai bai halatta ba. Kada ki yi musu da su, ba a ɗauke ki aikin fatawa ba. Ki fara da zayyanar allo, da dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zanen hula da na lalle, da adon bangon tsofaffin gidajen cikin birni. Za ki shekara a kan waɗannan ba ki zana ko ƙuda ba, kuma layi da daidaito da launi duk suna ciki.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Na taɓa samun yaro mai baiwar da ban sake ganin irinta ba. Kullum yabonsa nake, ina kai zanensa ɗakin malamai. Amma ban taɓa zaunar da shi na ce masa zane darasi ne da ake rubutawa a WAEC da NECO da JAMB ba, ko cewa ana digiri a kansa da kan zayyanar masana'antu, inda ake koyon adon yadi da tangaram da tsara bugun littattafai. Na ɗauka ya sani. Bai sani ba, makarantar da ya wuce kuma ba ta yi wa kowa rajistar darasin ba. Yau yana rubutun jikin motoci da allunan shaguna, yana ci da iyalinsa da halal, duk inda ya gan ni sai ya durƙusa. Sana'arsa ba abin kunya ba ce. Kunyar tawa ce, da ban nuna masa akwai wata hanyar ba, ya zaɓa da kansa.

Saboda haka tun suna aji uku na ƙaramar sakandare ki gaya musu, ki gaya wa iyayensu. Kowane zane a rubuta suna da kwanan wata a bayansa, ki ɗauki hotonsa ki adana, don ranar da sanarwar gasa za ta zo wa'adinta gajere ne. In za ki tura aikin yarinya gasa, kada hannunki ya taɓa shi ko da gyaran layi ɗaya. Alƙalai suna ganewa, ita ma ta sani. Gasar da aka ce sai an biya kuɗi mai tsoka, ki bincika kafin ki karɓi sisin iyaye. Ranar rabon kyaututtuka kuma ki ɗaure igiya a baranda ki rataye aikinsu duka, har da na wadda hannunta bai faɗa ba. Ki tsaya gefe ki kalli fuskar uban da ya ga sunan 'yarsa a rataye. Ita shugabar taku ma a ranar za ta fara lissafin lokacin da zane yake ci.

Direban da ke zuwa wajenku ranar kasuwa zai kawo miki kwali. Akwai burusana guda shida, biyu sun tsufa amma sun fi sababbin yanzu, da ƙullin ƙaro, da littafin zane sabo. Innarki ta sa yaji da dakuwa, ta ce kada ki rabar duka. Shafin farko ki zana mini abin da kike gani ta tagar ɗakinki, ki ba direban ya dawo mini da shi.

Ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki