Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin ya tafi hutu

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma nan ƙalau muke, sai godiyar Allah.

Na ji an ba ka hutun mako uku, na yi maka murna, don ka daɗe ba ka sarara ba. Sai dai tun ranar da ka ce likita ya ɗora ka kan maganin hawan jini, hutun nan yake tsaya mini a rai. Ranakun aiki su ke riƙe da kai, ka san lokacin tashi, lokacin shan ƙwaya, lokacin kwanciya. Da hutu ya zo sai komai ya kwance.

Kana ƙarami shanyewar ɓarin jiki ta sami Babanku, ba lalle ka tuna ba. A hutu ne shi ma. Mun yi tafiya, ya manta maganinsa a gida, ya ce kwana biyar ba komai, ai garau yake ji. A rana ta huɗu yana shan ruwa sai na ga kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ina ɗaga kai na ga bakinsa ya karkace, yana so ya kira ni, harshen ya ƙi. Muka ce gajiya ce, muka yi masa shimfiɗa. Sai washegari muka kai shi asibiti. Daren nan har yau yana ci mini rai, duk sanda na ga yana jan ƙafar nan sai na tuna.

Hawan jini ba ya yi wa mutum sallama, kuma shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Galibi gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, wani lokacin kuma jijiyar ce ke fashewa. Ga shi kana da gadon abin. Don Allah, maganinka ya riga tufafinka shiga jaka, ka ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiyar, ka sa wayarka ta riƙa tuna maka. Ka tafi da na'urar awon jininka. In ka ga yana kai 140/90 ko sama a kai a kai, ka nemi likita, kada ka jira ƙarshen hutu.

Batun ci, ba zan ce ka ƙi abincin mutane ba. Ka ɗiba kaɗan, ka rage soye-soye da kayan zaƙi, ka yawaita ganye da 'ya'yan itace. Gishiri ne abin tsoro: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma da yawansa a ɓoye yake cikin abincin gwangwani da na saye. Ka riƙa takawa da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ka ja yaran ku tafi tare. Hirar dare kada ta cinye maka barci. Sigari kuwa, ka yi mini alkawari ka daina, kada zama da tsofaffin abokai ya mayar da kai.

Wannan sashen ka karanta wa matarka. In fuska ta karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a duba agogo, a nufi asibiti nan take. Maganin narkar da gudan jini yawanci cikin awa huɗu da rabi na farko ake bayar da shi. Kada a ba mutum ruwa, abinci ko wata ƙwaya, don yana iya shaƙewa. Ko da abin ya wuce bayan 'yan mintuna, a je, gargaɗi ne.

Kowace Juma'a ka turo mini lambar da ka auna. Babanku yana gaishe ka, ka shafa mini kan yaran. Allah ya kai ku lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka