Sikelin da manomi ba ya ganin lambarsa a rana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sana'ata awon shanshera a Argungu. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, cinikin shinkafa a wajenmu ya riƙa barin ƙiyasin buhu yana komawa kilo, sikelin lantarki ya zama alƙali tsakanin manomi da mai saye. To amma alƙalin nan, da rana ta take, ba mai ganin hukuncinsa.

A kakar bara wani dattijo ya kawo mini buhu 14 daga Augie, ana gab da azahar. Sikelina irin mai jajayen lambobi ne. Na ɗora buhun farko na ce masa kilo 78. Ya sunkuya, ya kare gilashin da tafin hannu, ya cire hularsa ya yi masa inuwa, duk a banza. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, ni ban ga komai ba, sai dai in ɗauki maganarka." Na ce, "Baba, ba za a yi haka ba." Na tuɓe babbar rigata muka lulluɓa mu biyu a kan sikelin, sannan ya ga lambar da idonsa. Sau 14 muka yi haka, gumi yana tsiyaya. Wallahi maganarsa ta tsaya mini a rai, domin mutumin da ya yi wata huɗu cikin laka a fadama bai kamata a bar shi da "sai dai in ɗauki maganarka" ba.

Ɗan yayana mai gyaran waya ne ya warware mini abin. Gilashin da ke kunna haskensa da kansa, irin na waya da na POS da na sikelina, kokawa yake yi da rana, kuma rana ba ta faɗuwa. Ana auna wannan haske da abin da ake kira nit. Kwamfutar hannu ta yau da kullum tana bayar da kamar 250 zuwa 300, alhali sai an kai wajen 1000 kafin a karanta rubutu sosai a tsakar rana. Akwai kuma gilashi irin na kalkuleta da agogon Casio, mai baƙaƙen lambobi. Shi aron hasken waje yake yi ya mayar maka da shi, don haka rana tana ƙaruwa yana ƙara fitowa, kuma ba ya shan batir. Irinsa ya dace da mu masu aiki a fili.

Bayan rana, sanyi ma yana taɓa gilasan nan, amma gaskiya namu da sauƙi. A ƙasashen Turai inda ƙanƙara ke zuba, ruwan da ke cikin gilashin yana yin kauri, lambobi su riƙa sauyawa da ƙyar, har wasu allunan waje sai an haɗa musu abin ɗumama su. Hunturunmu bai kai nan ba. Abin da nake gani da asubar Disamba da Janairu a bakin gulbi shi ne batir yana yin sanyin jiki, sai hantsi ya ɗaga ya farfaɗo. Babbar ɓarnar hunturu ƙura ce. Yaro zai sa hannun riga ya goge gilashin a bushe, ƙurar ta kakkarce shi, kafin shekara ya yi dishi-dishi kamar idon da ya yi yana. Zafi ma yana da nasa: a Afrilu, lokacin da ake haura 40 a ma'auni, na ga gilashin POS da aka bari a rana ya yi baƙin tabo, sai da ya huce a inuwa ya dawo.

Roƙona ga kamfanonin casar shinkafa da ƙungiyoyin manoma da dillalan da ke shigo da kayan nan: kada a gwada sikeli a cikin shago. A fito da shi waje da ƙarfe ɗaya na rana, a sa dattijo ya tsaya taku biyu ya karanta. A nemi mai fuska biyu, ɗaya tana kallon mai awo, ɗaya tana kallon mai kaya. A kafa rumfa a kowane wurin awo, ko ta zana ce. Ni dai na sayar da nawa na ciko kuɗi na sayi mai baƙaƙen lambobi, kuma bana da Baban Augie ya dawo, shi yake kiran kilo ni ina rubutawa.

Naku,
Wani mai awon shanshera,
Argungu, Jihar Kebbi.