Mama, game da maganar da kuka yi mini a waya

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar, yaya kuma ƙarin haƙuri? Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewa.

Na san za ku ce me ya kawo takarda alhali kowace Lahadi muna waya. To, da zarar na ji muryarku sai maƙogwarona ya toshe, mu ƙare a kan "yaya sanyi?" da "kina samun barci?", a kashe waya ban faɗi abin da ke cina ba. Auta, kai za ka karanta wa Mama. Ka bi a hankali, kuma kada ka tsallake inda ya shafe ka, na san halinka.

Akwai maganar da kuka yi mini mako biyu bayan an binne Baba. Kuka ce, "Shekara uku ina juya shi, ina wanke shi, ina ba shi a baki, ga shi duk ya tashi a banza." Ban amsa ba, don ba ni da amsa a lokacin. Amma maganar ta bi ni har wurin aiki, ta ƙi sakina.

Ban taɓa gaya muku gaskiyar aikin nan ba, ina cewa kawai ina kula da tsofaffi. Aikin dare nake yi, daga takwas zuwa takwas, awa 12 cur. A watan Disamba a nan Ingila rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, sai in fita cikin duhu in dawo gari bai gama wayewa ba. Waɗanda ba sa iya motsi muna juya su duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta yi musu gyambo. Mu canza musu shimfiɗa, mu wanke su, mu shafa musu mai, mu rubuta ruwan da suka sha. Wato abin da kuka yi wa Baba ku kaɗai, shi nake yi wa iyayen wasu, a biya ni. Ba sai na faɗa muku yadda wannan yake sukana ba.

Akwai wani tsoho da na fi shekara ina kula da shi. Ciwon mantuwa ya cinye shi, har 'ya'yansa bai gane su. Wata rana ya kira ni da sunan ƙanwarsa ya riƙe hannuna, washegari ya zage ni tas ya watsa mini ruwa. A hannuna ya cika, da asuba, a watan Fabrairu. Ni da abokiyar aikina muka gyara shi, muka taje masa gashi kafin 'ya'yansa su iso. Ina goge masa yatsu ɗaya bayan ɗaya sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ranar jana'izar Baba, ranar da na zauna bakin gado ina kallon akwatin a fuskar waya, hoton yana tsayawa yana tafiya. Kun san abin da ya hana ni zuwa: ina tsakiyar sabunta biza, kuma dokarsu ita ce in ka bar ƙasar kafin a ba ka amsa, neman ya rushe. Kun ce in zauna, na zauna. Har yau ban gama yafe wa kaina ba.

Daren da ya biyo baya, wajen ƙarfe uku, gidan ya yi tsit, na buɗe 1 Korintiyawa sura 15. Tun muna yara ake karanta mana ita a wurin jana'iza, amma ban taɓa bin ta daga farko har ƙarshe ba. Koranti birnin 'yan kasuwa ne a ƙasar Girka, kuma a cikin ikilisiyar kanta aka samu masu cewa babu tashin matattu. Ba abin mamaki ba ne, don a Atina ma da Bulus ya ambaci tashi daga matattu wasu ba'a suka yi masa. Sai a wannan sura Bulus ya fara lissafa wa Korintiyawa shaidun da suka ga Yesu bayan tashinsa: Kefas, wato Bitrus, almajirai sha biyun nan, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna nan da rai, sannan Yakubu, sannan shi kansa. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da gicciye Yesu, wanda ke shakka yana iya zuwa ya tambaya. Ya bi ta kan Adamu, ya bi ta kan ƙwayar da ake shukawa, ya kai ga ƙaho na ƙarshe, har ya tsaya yana tambayar mutuwa ina dafinta.

Ni a zatona bayan aya 57 na irin wannan magana zai ce musu su kwantar da hankali su jira sama. Ashe ba haka ya rufe ba. A aya ta 58 cewa ya yi su tsaya da ƙarfi, su yi ta aikin Ubangiji, da sanin cewa wahalarsu a cikin Ubangiji ba banza ba ce. Mama, kalmar da kuka faɗa mini a waya ce na tarar a can, tana jirana. Na karanta ayar ya fi sau biyar kafin ƙararrawar wani ɗaki ta tashe ni.

Ga yadda na fahimce ta, in na yi kuskure fasto ya gyara mini. Da a ce begenmu shi ne rai ya tsere ya bar jiki kamar tsohuwar riga, da maganarku tana da gaskiya: kun yi shekara uku kuna wankin abin da za a yar. Amma Yesu da ya tashi, da jiki ya tashi. Ya ce wa almajirai su taɓa shi, ya tambaye su ko akwai abin ci, suka ba shi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. Bai ma ɓoye tabon ba. To, hannun hagun Baba da ya nannaɗe, wanda kuke buɗewa kowace safiya kuna wanke tsakanin yatsun, Allah bai gama da shi ba. An shuka shi da rashin ƙarfi, za a tashe shi da iko, haka Bulus ya faɗa. Ku kuka riƙe wa Allah amanarsa har ranar da ya karɓa.

Da Ista wani mai wa'azi a nan ya kwatanta tashin matattu da furannin da ke fitowa bayan hunturu. Mutanen nan suna son wannan misalin, ni kuwa bai gamsar da ni ba. Fure da kansa yake dawowa, ko an yi addu'a ko ba a yi ba. Baba ba zai tsiro da kansa ba. Sai an kira shi da suna, kamar yadda aka kira Li'azaru a Betanya bayan kwana huɗu a kabari.

A nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba ne na ji wani labari da ban taɓa sani ba, kuma a nahiyarmu ya faru. Wajen shekara ta 250 wata annoba ta auka wa daular Rum, ta yi shekaru tana ɗibar mutane. Diyonisiyus, bishof na Iskandariya a Masar, ya rubuta cewa mutane suna tura marasa lafiyarsu waje tun ba su cika ba, don tsoro, amma Kiristoci da yawa suka zauna suna jinya, suna rufe idanun mamatan, suna wanke su, da yawansu ma suka kamu suka bi su. Sifiriyan, bishof na Kartaj, inda Tunisiya take a yau, ya gargaɗi jama'arsa su yi jinyar har da waɗanda suke tsananta musu. Shi kansa an sare masa kai a shekara ta 258. Waɗannan mutanen ba su da magani, galibin waɗanda suka yi jinya ba su san ko za su tashi ba. Da ake ba da labarin, fuskarku nake gani.

Auta, yanzu kai. An ce mini tun rasuwar ba ka taka majami'a ba, kuma ka ce wa Kawu Allahn da bai ji addu'ar shekara uku ba, ba ka da abin faɗa masa. Ba zan yi maka faɗa ba. Kai ka ɗauki Baba a baya zuwa banɗaki, kai ka rasa shekara guda ta karatu, ni ina nan ina aiko da kuɗi da nasiha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ka duba Yohanna sura 11. Marta ta tari Yesu a hanya ta ce masa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Maryamu ta zo ta maimaita masa maganar. Bai tsawata wa ko ɗayarsu ba. Ya tambayi inda aka sa shi, ya yi kuka, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. In fushi kake, je ka faɗa masa a gabansa kamar yadda suka yi, ya fi ka zauna a ɗaki kana faɗa wa bango.

Ku ma Mama, masu zuwa suna ce muku mai bi ba ya kuka, ku bar su da bakinsu. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi shi irin na waɗanda ba su da bege.

Kada ku ɗauka kullum da ƙarfin nan nake kwana. Akwai safiyar da nake tsaye a tashar bas, ƙafafuna sun kumbura, iska tana yankar kunne, in ji duk abin da na rubuta muku ya yi mini nisa. A majami'ar da nake zuwa, kowace Lahadi ana tashi a faɗi shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka fara tsarawa a shekara ta 325 aka kammala a 381. Kusa da ƙarshenta ake cewa muna sauraron tashin matattu. Ranar da bakina ya ƙi buɗewa, wata tsohuwa da ke zama kusa da ni da sandarta takan faɗa da ƙarfi, ni kuma in ce amin. Ta binne mijinta da ɗanta, ita ta gaya mini.

Takarduna sun fito, mun gode Allah. Na nemi hutu a watan Agusta, in sun amince zan sanar da ku kafin in sayi tikiti. Ina so ku da kanku ku kai ni kabarin, mu biyu, kafin gida ya cika da masu sannu da zuwa. Littafi Mai Tsarkin Baba, mai baƙin bango wanda ya ja wa layuka da jan biro, don Allah a adana mini shi, kada yara su taɓa. Ina so in ga ko ya ja layi a ayar nan.

Ku riƙa shan maganin ƙafar ko da ta daina ciwo. A gaida Kawu da Gwaggo da duk waɗanda suka tsaya mana.

Taku,
'yarku da ke nesa