Masu Hoto Da Masu Biki, Mu Riƙa Rubuta Yarjejeniya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan sana'ata ta ɗaukar hoton biki. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma laifin bai tsaya a wuyan ɓangare ɗaya ba, da mu masu kyamara da masu bikin kowa yana da nasa kason.

Ni mace ce, ina da ɗan shagon hoto a nan Kano, ni da ƙanena. Shi yake zuwa wajen ɗaurin aure a masallaci ko ƙofar gida, ni kuma in shiga cikin mata: sa lalle, kamu, wuni, kai amarya, buɗar kai. Ranar da babu biki muna shago, mu ɗauki fasfo na 'yan makaranta, da hoton yara ranar Sallah, da masu saukar Alƙur'ani. Amma biki ne ke riƙe da shagon, kuma abin da ya sa ake kirana shi ne gidaje da yawa ba za su bar namiji ya shiga ɗakin da ake yi wa amarya kwalliya ba. Don haka ina ganin abin da ba kowa yake gani ba. Ina ganin amarya babu ɗankwali. Ina ganin ta ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta tana kuka lokacin da ake yi mata faɗa kafin a fita da ita. Ina ganin matan aure sun ajiye mayafi suna rawa a tsakar gida saboda sun san babu namiji a wurin. Duk wannan yana cikin memorin kyamarata sa'ad da na rataya jaka na fito.

To a nan ne wasu abokan sana'armu suke ba mu kunya. Tun amarya ba ta kai ɗakin mijinta ba, hotonta ya riga ya hau Instagram da TikTok, an manna masa sunan shago a ƙasa, an ɗora waƙa. In ka yi magana sai a ce talla ce, da me za a san aikin mutum? Daga nan shafukan da ba su da aiki sai tattara hotunan amare su kwashe, mutanen da ba su san ta ba su hau tsokaci a kan haƙoranta da launin fatarta da shekarun angon. Wata Hajiya da ta kira ni bikin 'yarta ta biyu ta tare ni tun a soro ta ce, "'Yata, kada ki ji haushi, in kin gama za ki bar mana memorin a nan." Da na tambayi dalili, sai ta ce a bikin yayar, wani mutum ya ga matarsa tana rawa babu mayafi a wayar abokinsa a kasuwa, sai da manya suka shiga maganar kafin matar ta koma ɗakinta. Wanda ya yi wannan aikin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, mu da muka zo daga baya mu ake yi wa kallon ɓarayi.

Ya kamata 'yan uwana masu hoto su sani cewa maganar ba ta tsaya ga kunya da tsoron Allah kawai ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa yana da ikon hana a yaɗa shi ko a baje shi ga jama'a, sai fa in an yi wata yarjejeniya daban. Ke nan hujjar "ai ni na ɗauka, nawa ne" ba za ta cece ka ba in mai biki ya tashi neman haƙƙinsa. Kuma tambaya ba ta da wuya. Ni nakan tambaya, wasu su ce a'a gaba ɗaya, wasu su ce ki sa hannun da lallen amma ban da fuska, wasu ma su ce sa duka, har su turo wanda suka fi so. Hoton hannu mai lalle da zobe a kan leshi ya kawo mini aiki fiye da yadda mutum zai zata.

Sai ku masu biki. An ware kuɗin ɗakin taro, an biya mai kwalliya tun kafin ta buɗe akwatinta, an biya mai abinci da mai kiɗa, amma mai hoto sai a ce "bayan biki." Bayan biki kuwa aljihu ya bushe, ango ya daina ɗaga waya, in ya ɗaga ya ce, "Ai dannawa ce kawai kika yi." Da dannawa ce kawai, da ba a kira ni ba, tunda kowa a wurin yana da waya. Su wayoyin ma wata matsala ce: daidai lokacin da dangin ango za su fesa wa amarya turare a wajen kamu, lokacin da ba ya maimaituwa, sai ka ga hannaye goma sun miƙe a gaban kyamarata, kowa yana son nasa.

Babu abin da muke aiki da shi da ake ƙerawa a ƙasar nan. Kyamarar Canon ko Nikon ko Sony, gilashinta, fitila, batir, memori, takardar bugawa da tawada, duk da dala ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Man fetur da bai kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ya wuce 1,000 a ƙarshen 2024, kuma da shi nake tayar da janareta in zauna gaban kwamfuta idan an ɗauke wuta. Ainihin aikin ma a nan yake. Wunin biki ɗaya yakan ci kwanaki ana tacewa: a fitar da wanda aka rufe ido, a gyara haske inda fitilun ɗakin taro suka mayar da fuskar kowa shuɗiya, a goge gumi, a daidaita launin anko don kada ja ya koma ruwan goro. Sannan ga saƙon amarya da tsakar dare, "Anti, don Allah a ɗan haska ni." Nakan haska kaɗan. Wadda ta ce a ƙara har sai surukarta ta kasa gane ta a cikin albam, nakan ce mata ta yi haƙuri, jikokinta ne za su kalli hoton nan.

Wani abin kuma shi ne ƙarin taro. An yi ciniki a kan kamu da dina, sai ranar Laraba a kira ka a ce an ƙara walima da wunin ƙawaye, "ki ɗan leƙo." Ɗan leƙowar nan kuɗin adaidaita sahu ne, da cajin batir, da ɗaruruwan hotuna da za a sake zama a tace, kuma a lissafin mai biki duk yana cikin kuɗin farko.

Maganin waɗannan duka bai wuce rabin takarda ba. A rubuta tarukan da za a je da ranakunsu, da kuɗin da aka daidaita, da kafin alƙalamin da aka bayar, da ranar cika sauran. A rubuta ko albam za a yi ko firam ko a filashi kawai za a zuba, da ranar da za a karɓa, domin mu ma akwai masu riƙe hoton mutane har amarya ta haihu ba su kawo ba. Sannan layi ɗaya wanda ya fi kowanne muhimmanci a wurina: an yarda a sa hoton a intanet ko ba a yarda ba, in an yarda, wanne. Kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Da na fara haka wasu sun ji haushi, musamman 'yan uwa da maƙwabta, suna cewa, "Haba, tsakaninmu har sai an yi rubutu?" Nakan tuna musu cewa ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba baƙi aka faɗa wa ba, muminai aka faɗa wa. Yawanci daga nan sai a yi dariya a karɓi biro.

Akwai kuma abin da ban taɓa jin masu biki sun tambaya ba, alhali ya kamata: har yaushe mai hoto zai ajiye hotunan, kuma wa yake da ikon zuwa ya karɓa? Aure yana mutuwa. An taɓa zuwa shagona neman hotunan wata mata da aurenta ya ƙare, wanda ya zo kuwa tsohon mijin ne, yana cewa ai shi ya biya kuɗin. Na ba shi na ɗaurin aure da waɗanda yake ciki, na ɗakin mata kuma na ce sai da izinin mai su. Ya yi ta faɗa a bakin shago, amma takardar da aka rubuta tun farko da sunan mahaifiyar yarinyar take. Yanzu a tawa takardar nakan rubuta cewa zan ajiye hotuna shekara ɗaya, bayan nan in goge, kuma a faɗi sunan wanda zai iya karɓa.

Ina kira ga iyaye, musamman a watannin Rajab da Sha'aban da bukukuwa suke cunkushewa kafin azumi, kada gaggawa ta sa a ɗauki mai hoto ta waya kawai saboda an ga shafinsa ya yi kyau. A duba shafin da kyau a tambaye shi: waɗannan amaren da ka jera, sun san suna nan? Masu horar da yara a shagunan hoto kuma, yadda kuke koya musu saita haske, ku haɗa musu da rubuta takardar nan tun ranar farko.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Wassalam,
Wata mai ɗaukar hoton biki, Kano.